Tsibiri ne ko ziri? Muhawara kan ƙasar da ruwa ya kewaye ya bar mata ƙofa ɗaya

Malamar Aji Shida:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina tafe da tambayar da ta fito daga bakin ɗalibi, wadda amsar da na ba shi ko ni kaina ba ta gamsar da ni ba. A makon jiya ina koya wa 'yan aji shida siffofin doron ƙasa, na gaya musu cewa tsibiri shi ne tudun da ruwa ya kewaye ta kowane ɓangare, ba a isa gare shi sai da jirgi ko ta gada. Da muka koma kan taswira na nuna musu Saudiyya da maƙwabtanta, sai na ce ga tsibirin Larabawa, domin haka na taso ina ji a Islamiyya da rediyo. Wani yaro da ke bencin baya ya nemi izini ya zo gaban allo, ya ɗora yatsa a kan Makka, ya ja shi sama ta Madina har ya shiga Jodan da Siriya bai taɓa shuɗin fenti ko sau ɗaya ba, sannan ya juyo ya ce, "Malama, ai ga hanya nan, ina ruwan da ya kewaye?" Littafin da ke hannuna na Turanci ne, kuma shi peninsula ya rubuta. Ina roƙon a taimaka mini da sunan da zan kira irin wannan ƙasa da Hausa, wanda ba zai rushe ma'anar tsibiri da na riga na koyar ba.

Almajirin Zaure:
Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yaron nan albarka, domin da idonsa ya yi karatu. Kalmar da kika taso da ita fassara ce ta Jaziratul Arab, kuma Larabawan dā da suka raɗa sunan sun san sarai cewa ayarinsu na fatauci yana fita Makka ya isa Sham a kan raƙuma. Malaman lugga sun yi bayanin cewa an kira ta jazira ne saboda tekuna sun kewaye ta ta ɓangarori uku, kogin Furatu kuma ya yi mata katanga ta arewa maso gabas. Asalin kalmar yana ɗauke da ma'anar yankewa da janyewar ruwa, saboda haka ta fi tsibirinmu faɗi. Shaidar hakan tana nan a Sudan, inda ake kiran ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu da sunan Jazira, wurin da 'yan uwanmu Hausawa da Fulani suka daɗe suna noman auduga tun bayan da aka gina madatsar Sennar a 1925, alhali kuwa babu teku ko kusa da wurin. Larabcin littattafan makaranta na yau ya gyara wannan ruɗani, yana cewa shibhu jazira, wato mai kama da tsibiri. Mu ne muka ɗauko tsohuwar kalmar muka ɗora mata tsibiri muka wuce.

Tsohon Mai Fassara:
Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya yi. Ni na yi shekaru ina fassara labaran duniya, kuma zan iya cewa babu kalmar da ta ba mu wahala kamar wannan. A kan Koriya mun saba cewa zirin Koriya, a kan Bakasi mun ce tsibirin Bakasi, a kan Kirimiya wani ya ce tsibiri wani ya ce yanki, a kan Sina'i kuwa kowa ya kauce ya ce yankin Sina'i. Ni dai ina goyon bayan ziri, saboda kunnen mai sauraro ya riga ya saba da ita, kuma idan ka dubi Koriya a taswira za ka ga doguwar ƙasa ce mai tsawon kimanin kilomita 1,000 da ta zuro daga jikin Asiya ta shiga teku. Kalmar da mutane suka sani ta fi wadda za mu ƙera yau a nan, ba a san ranar da za ta kama baki ba.

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Baba, ina neman afuwa, amma ina ganin ziri ba za ta ɗauki wannan kaya ba. Kalmar tana nuna siffa ce kawai, wato abu dogo siriri, ba ta ce komai game da ruwa ba. Mu duka muna cewa zirin Gaza, kuma Gaza tana da teku ta gefe ɗaya ne tak, tsawonta kimanin kilomita 41, sauran gefunanta uku duk tudu ne. Idan Malama ta koya wa yara cewa ziri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ɓangarori uku, yaron nan na bencin baya zai sake tasowa da taswirar Gaza. Sannan ƙasar Larabawa ba ziri ba ce ko kaɗan, faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 3.2, wato ta ninka Najeriya fiye da sau uku, kuma ita ce mafi girma a cikin irin waɗannan ƙasashe a duniya. Ba na jin akwai Bahaushen da zai dubi wannan shimfiɗa ya kira ta ziri.

Ɗan Maraɗi:
Ina ganin ƙanwata tana da gaskiya. Mu da muka yi lakwal da Faransanci an koya mana kalmomi biyu: ɗaya ta manyan ƙasashe irin Italiya da Indiya, ɗaya kuma, presqu'île, ta ƙanana masu siririn wuya, kuma ma'anarta a zahiri ita ce saura kaɗan ya zama tsibiri. Ita ma kalmar Turancin da Malama ta kawo daga Latin take, ma'anarta ke nan. To amma ni abin da nake so in jawo hankalinku a kai shi ne wuyan nan, domin na zauna a Dakar na ga abin da yake yi wa mutane.

Dakar tana zaune a kan wani ƙoƙon ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, kuma a can ne ƙarshen nahiyar Afirka ta yamma yake, wurin da ake kira Almadi. Faransawa sun zaɓe ta ne saboda ƙasar ta lanƙwasa ta kare tashar jiragen ruwa daga igiyar teku, har suka mai da ita hedikwatar mulkinsu na Afirka ta Yamma a 1902. Abin da ya zama alheri ga jirgi shi ya zama ƙunci ga mutum. Birnin ba shi da inda zai faɗaɗa sai gabas, kuma jihar Dakar, duk da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasar Senegal ba, tana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar. Da asuba dubban motoci daga Pikin da Rufisk suna tururuwa su shiga ta wuya ɗaya, da magariba su fito ta nan, kamar ana ɗura ruwa a gora da mazurari. Na taɓa tashi daga Rufisk bayan sallar asuba ban isa kasuwar Sandaga ba sai da hantsi ya dubi ludayi, alhali tazarar ba ta kai kilomita 30 ba. Wannan ne ya sa gwamnati ta fitar da filin jirgin sama zuwa wajen gari a ƙarshen 2017, ta shimfiɗa jirgin ƙasa na zamani da ya fara aiki a Disambar 2021, take kuma gina sabon birni a Jamniyajo. Ko ruwan sha ma daga tafkin Giyer ake jawo shi, nisan kimanin kilomita 250, kuma lokacin da babban bututun ya fashe a Satumbar 2013, unguwanni da yawa sun yi kusan mako biyu famfo a bushe, ga teku ta ko'ina amma ba mai shan ta. Saboda haka ni shawarata a ce tsibiri mai wuya.

Alhajin Kantin Kwari:
Malam na Maraɗi, ka yi bayani mai daɗi, amma ina da ja. Na yi Umra ta Jidda, na kuma taɓa bin mota daga Madina zuwa Tabuka, ban ga wani wuya ba. A nuna mini wuyan ƙasar Larabawa a taswira. Daga Aƙaba zuwa Kuwait ya haura kilomita 1,000, wannan kuwa ai kafaɗa ce. Indiya ma haka take, faɗinta ta sama ya fi na ƙasa. Idan aka ce tsibiri mai wuya, an sallami Dakar an bar manyan a waje.

Almajirin Zaure:
Alhaji, ranka ya daɗe, wannan ja ne mai ƙarfi. Sai dai ina ganin a wajen manyan, wani abu ne daban yake yin aikin wuyan. A arewacin ƙasar Larabawa akwai rairayin Nafud da hamadar Sham, waɗanda tun dā ba kowa ke ratsa su ba sai ta sanannun hanyoyi masu rijiyoyi, shi ya sa Rumawa da Farisawa, duk ƙarfinsu, mulkinsu ya fi tsayawa a gefe-gefe, bai zauna a tsakiyar ba. Andalus, wato Sifen da Fotugal na yau, wadda ita ma Larabawa suka kira jazira, duwatsun Firanis ne suka raba ta da Faransa, har ya zama shigowa ta ruwa ya fi sauƙi: Ɗariƙu bin Ziyad a shekarar 711 ta mashigin da faɗinsa bai wuce kilomita 14 ba ya ƙetaro daga Maroko, kuma dutsen da ya sauka har yau sunansa yake ɗauke da shi, Jabal Ɗariƙ, wanda Turawa suka mai da Jibralta. Italiya tana da duwatsun Alfs, Indiya tana da Himalaya. A taswira ƙofar tana da faɗi, amma ga mai tafiya a ƙasa 'yan mashigai ne ƙalilan.

Kuma tunda Malama ta ambaci hanyar Makka, yana da kyau yara su san cewa alhazanmu na dā da suka tafi a ƙafa ta Chadi da Sudan sai da suka hau jirgin ruwa a Sawakin suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Wanda yake son zuwa ba tare da ya taɓa teku ba sai ya bi ta Alƙahira ya ratsa Sina'i ya ɓulla Aƙaba, kamar yadda ayarin Masar yake yi, wanda Mansa Musa ya bi a hajjinsa na 1324.

Mazaunin Doha:
Ni zan ba Alhaji misali daga inda nake zaune, domin a nan mun ɗanɗani abin da wuya yake nufi. Katar 'yar ƙaramar ƙasa ce da ta tsiro daga jikin ƙasar Larabawa ta miƙe arewa cikin Tekun Fasha, tsawonta kimanin kilomita 160, kuma iyakarta ta tudu guda ɗaya ce, da Saudiyya, ƙofar shiga kuma ita ce Abu Samra. Ranar 5 ga Yunin 2017, cikin azumi, aka wayi gari an rufe wannan ƙofa. Na je kanti da yamma domin in sayi madara da nono na buɗa baki, na tarar da firinji wayam, mutane kuwa kowa ya cika kwandonsa da shinkafa da mai kamar ana shirin yaƙi, saboda kaso mai yawa na abincin ƙasar ta wannan hanya manyan motoci suke shigo da shi. Bayan 'yan kwanaki sai ga madara da rubutun Turkanci a jiki, muna juya kwalin muna tambayar juna wanne ne nono wanne ne madara. Dubban raƙuman 'yan Katar da ke kiwo a ƙetaren iyaka sai da aka koro su gida. Daga baya aka riƙa shigo da shanun tatsa ta jirgin sama, aka kuma karkatar da kaya zuwa sabuwar tashar ruwa ta Hamad. Ba a buɗe iyakar ba sai a Janairun 2021 bayan taron Al-Ula. Shekara uku da rabi mun zauna a tsibiri ba tare da ko taku ɗaya na ƙasa ya nutse ba. A 2018 ma jaridun Saudiyya sun ba da labarin wani shiri na haƙa magudanar ruwa a tsawon iyakar domin a yanke Katar gaba ɗaya, amma ba a aiwatar ba. Bahrain da ke kusa da mu kuwa akasin haka ta yi: tsibiri ce ta gaske, amma tun 1986 gada mai tsawon kilomita 25 ta haɗa ta da Saudiyya, mutane suna shiga da fita a mota.

Tsohon Mai Fassara:
Wannan ya tuna mini da Koriya ta Kudu, wadda ni da kaina na kawo. Tun da aka tsagaita wuta a yaƙin Koriya ranar 27 ga Yulin 1953 aka shata wani fili mai faɗin kilomita 4 da tsawon kimanin kilomita 250 tsakaninta da ta Arewa, babu ɗan kasuwar Seoul da yake loda kaya a mota ya kai su Sin ta tudu. Komai nasu ta ruwa ko ta sama yake fita. Kirimiya kuma wuyanta na Perekop bai wuce kilomita 7 ba, kuma ta nan ne magudanar da a dā take kawo mata mafi yawan ruwanta daga kogin Dinifa ta biyo. Bayan Rasha ta ƙwace yankin a Maris ɗin 2014, Yukiren ta toshe magudanar, noman shinkafa ya durƙushe, Rasha kuma ta gina gada mai tsawon kilomita 19 ta mashigin Kerch domin ta samu ƙofa ta biyu. Na yarda ziri ba ta faɗin wannan duka. Amma har yanzu ina cewa tsibiri mai wuya ya yi tsawo ga mai karanta labarai.

Baba Tsohon Soja:
'Ya'yana, kun yi ta yawo da mu Turai da Asiya kun bar na gida. Ni na yi aiki a Bakasi a shekarun 1990, kuma in da za a tambaye ni, zan ce waɗanda suka ce tsibirin Bakasi sun fi waɗanda suka rubuta a takarda kusa da gaskiya. A taswira za ka gan ta kamar harshe guda da ya zuro tsakanin bakin Kogin Kuros da ruwan Rio del Rey, amma idan ka je, abin da za ka tarar shi ne tarin ƙananan tudu da ƙoramu suka yayyanka, cike da wasu itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo. Daga Kalaba muke bin mota zuwa Ikang, daga nan kuma sai kwalekwale mai inji, babu wata hanya. Teku tana cika ta janye sau biyu a yini. Wurin da ka ɗaure jirgi da safe, kafin azahar sai ka tarar da shi a kwance cikin taɓo, kuma in ka kuskura ka sa ƙafa sai ka nutse har gwiwa, ka fito ka bar takalminka a ciki. Mutanen wurin masunta ne, yawancinsu Efik da maƙwabtansu, gidajensu a kan dirakai, kifi da jatan lande suke banda su kai kasuwa.

Maganar shari'a kuwa kowa ya sani. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague a 1994, kotu ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002 cewa wurin na Kamaru ne, ta dogara musamman da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 da kuma wadda Janar Gowon da Ahmadu Ahijo suka sa wa hannu a Marwa a 1975. Obasanjo da Paul Biya suka ƙulla yarjejeniyar Greentree a Yunin 2006, aka janye sojoji, aka kammala miƙawa ranar 14 ga Agustan 2008. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, duk rigimar ba a kan taɓon take ba. Wanda yake da bakin gaɓa shi yake da ruwan da ke gabanta, da kifinsa da man da ke ƙarƙashinsa, kuma ƙasar da ta kutsa cikin teku tana jan iyakar mai ita ta shiga ruwa da nisa.

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, abin da ka gani da ido ya yi daidai da abin da muke karantawa. Bakasi laka ce da koguna suka yi ta zubarwa a bakin teku, saboda haka siffarta ba ta zama wuri ɗaya. Wannan ne ma ya sa nake ganin kada a koya wa yara cewa tsibiri da ɗan uwansa halittu ne biyu da ba sa haɗuwa, domin ɗaya yana komawa ɗaya.

Dakar da Yaya na Maraɗi ya kwatanta, asalinta duwatsun aman wuta ne da ke tsaye cikin teku, igiyar ruwa ta yi ta tara yashi a bayansu har ya haɗe su da gaɓa, kuma tuddan nan biyu da ake kira Mamel ragowar waɗannan duwatsu ne. Dalilin haka shi ne tsibiri yana karya ƙarfin igiya, ruwan da ke bayansa ya lafa, yashin da yake ɗauke da shi ya kwanta. Akwai inda mutum ne ya fara aikin, teku ta ƙarasa. Birnin Sur na Lebanon tsibiri ne a dā, har sai da Iskandar na Masedoniya ya kewaye shi a shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa aka cike teku da duwatsu da itatuwa aka yi hanya ta ƙasa da kilomita ɗaya domin mayaƙansa su isa ganuwa. Bayan wata bakwai ya ci garin ya tafi, amma hanyar ta ci gaba da tare yashi, yau unguwanni ne a kanta. Ko a Legas, unguwar Biktoriya sunan tsibiri kawai ya rage mata, tun da aka cike fadamar da ke gabashinta ta haɗe da Lekki.

Ƙasar Larabawa kuwa labarinta daban ne. A dā jikinta ɗaya da Afirka, ɓawon ƙasa ya tsage, ta fara matsawa arewa maso gabas, ruwa ya cika tsagar ya zama Bahar Maliya, kuma har yanzu tana matsawa kimanin santimita ɗaya a shekara. Idan kuka dubi gaɓar Sudan da ta Hijaz za ku ga suna shiga juna kamar fasasshen kasko. Ta gabas kuma Tekun Fasha ba ta da zurfi, da ƙyar wani wuri yake kai mita 100. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta riƙe ruwa mai yawa, teku ta yi ƙasa da yadda take yau da kusan mita 120, saboda haka kwarin duk tudu ne, Katar kuma ɗan tozo ne a tsakiyar fili. A wancan lokaci Ingila ma haɗe take da Turai.

Bayawuri:
Abin da ƙanwarmu ta ce yana ɗaukar dubban shekaru, mu a Yawuri muna ganinsa duk shekara. Mu ba ma cewa tsibiri, gungu muke cewa, kuma daga nan ne sunan Gungawa ya fito, mutanen da suka zauna a gungunan Kogin Kwara suna noman albasa da su, har tafkin Kainji ya cinye gungu da yawa a 1968 aka tashe su zuwa sababbin garuruwa. Kogin yana cika sau biyu: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke isowa daga can saman kogi cikin hunturu. Akwai wuraren da da kaka sai da kwalekwale, amma da bazara idan ruwa ya ja baya sai wani ɗan tudun yashi ya fito ya haɗe su da gaɓa, Fulani su kora shanu su shiga, mai babur ma ya bi. Ban taɓa jin an sake wa wurin suna ba saboda wannan, gungu ne a ko da yaushe, sai dai a ce ruwa ya ba da hanya ko ya rufe hanya. Ina ganin shi ya sa ba mu ƙera kalma ta musamman ba, mu mutanen tudu ne, ruwanmu kuma mai zuwa ne mai tafiya.

Baba Tsohon Soja:
Haka yake a tafkin Chadi, can kuma tumbu suke cewa. Tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja baya sosai bayan farin 1973 da na 1984, tumbuna suka haɗe da gaɓa, masunta, cikinsu har da Hausawa da yawa, suka riƙa bin ruwa suna kafa ƙauyuka ba su san sun tsallake iyaka ba. Hukuncin nan na 2002 bai tsaya a Bakasi ba, shi ne ya ba Kamaru Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita, aka miƙa su a Disambar 2003.

Alhajin Kantin Kwari:
To ni yanzu kun ƙara rikita ni. Idan haɗuwa ta siririn wuri ita ce magana, ai Afirka gaba ɗayanta ta wajen Suwez kawai take manne da Asiya, tazarar da ba ta fi kilomita 120 ba. Ke nan kafin a buɗe mashigin Suwez a 1869 mu duka a tsibiri mai wuya muke zaune, bayan an haƙa shi kuma mun koma tsibiri?

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Alhaji, a ma'aunin hankali ba ka yi kuskure ba, sai dai masana sun yi ittifaƙi cewa nahiya ba ta shiga wannan lissafi, kuma sharaɗin shi ne ƙasar ta zama reshe ce daga jikin wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Magudanar da mutum ya haƙa kuma yawanci ba a ɗaukarta a matsayin abin da ke sauya sunan wuri. A Girka an yanke wuyan Korint a 1893 da magudana mai tsawon kilomita 6 da 'yan kai, ruwa ya kewaye kudancin ƙasar ta ko'ina, amma yawanci ba a sa shi cikin jerin tsibiran Girka. Abin mamaki ma shi ne tsohon sunan yankin, Feloponis, ma'anarsa tsibirin wani mutum ne mai suna Felops, ke nan su ma Girkawan dā irin abin da Larabawa suka yi suka yi. Ba zan ɓoye ba, babu wani adadi da aka ajiye na inda reshe yake ƙarewa nahiya ta fara, shi ya sa wasu malaman suke cewa Turai kanta reshe ce ta Asiya.

Malamar Aji Shida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na yanke zan yi ranar Litinin. Zan kawo babban faranti da yashi da butar ruwa, in tara yashi a gefe ɗaya a matsayin gaɓa, in ajiye dutse a tsakiya, in zuba ruwa yara su ga tsibiri, sannan in sa yaron nan ya zuba yashi tsakanin dutsen da gaɓa da hannunsa. A allo zan rubuta tsibiri mai wuya, in gaya musu cewa a rediyo za su ji ziri ko yanki ko tsibiri kawai, kada su ruɗe. Game da ƙasar Larabawa kuwa zan ce musu sunan na tarihi ne, in nuna musu hamadar da ke arewa. Baba Mai Fassara, ka yi haƙuri, ban ɗauki ziri ba.

Tsohon Mai Fassara:
Babu komai, 'yata, aji daban, ɗakin labarai daban. Amma har yanzu Alhaji bai samu amsar kafaɗarsa ba, domin ba na jin akwai ranar da zan ji an ce tsibiri mai wuya na Indiya ban yi dariya ba.

Bayawuri:
Malama, ki samu yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kada ki ɗebo jar ƙasar bakin aji, domin ita narkewa za ta yi ruwan ya koma kunu kafin yaron ya gama gina wuyan. Kuma ki zuba ruwan a hankali ta gefen farantin, sannan bayan sun gani ki ƙara kofi ɗaya a kai har wuyan ya nutse, ki tambaye su sunan wurin yanzu.